Sunan da Ya Baro a Tafoki

Jama'a, ku gyara zama, yau bakina cike yake da magana. Ke kuma da kika rubuto mini cewa wai na cika yabon saurayina, 'yar'uwa ki nemi ruwa ki ajiye kusa, don yau ma yabon za ki sha, kuma ba na neman afuwar kowa.

Sababbin zuwa, sannunku. Ni ce Khairiyya, autar gidanmu a nan Kankara. Mai nemana sunansa Salahuddeen, yana da shagon maganin dabbobi a Faskari, ni kuwa Deen na sa masa a waya. Ya zo ya gaida iyaye, Baba ya ce madalla, amma sai an je garinsu an yi bincike kamar yadda ake yi wa kowa. Da yake ciwon ƙafa ya matsa wa Baba, sai ya tura Yaya Nasir Tafoki a madadinsa. Shi kuwa Yaya Nasir a Kaduna ya tashi wurin kawunmu, al'adunmu na nan sama-sama ya san su.

Ranar da ya tafi, gidanmu ba masaka tsinke. Yaya Mansura ce ta haihu kwana biyar da suka wuce, namiji, bayan 'yan mata uku reras. Mijinta direban tanka ne, rabin shekara yana kan hanya, shi ya sa ta dawo gida ta haihu. Dangin mijin kuma suka ce a yi sunan a ƙofar gidanmu, tunda Baba za a yi wa takwara. To kun ga aiki ya samu. Babu mai iya kama sunan Baba a gidan nan, ko ni da nake rubutu hannuna ba zai iya ba. Dole a nemo wa yaro ɗan gajeren sunan da za a riƙa kiransa da shi.

Muna ɗakin Mama, ƙamshin turaren wuta ya haɗu da na kunun kanwa. Yaya Mansura ta fito daga wankan jego na ganyen bedi, wato darbejiya, tana kishingiɗe da ɗaurin ƙirji tana latsa waya. A kan kujera kuwa Gwaggo Suwaibatu ce, yayar Baba, wadda ta zo daga Sabuwa tun ranar haihuwa. Leshi ne a jikinta ruwan hoda mai duwatsu, awarwaro har gwiwar hannu, in ta yi dariya haƙorin Makka ya haska ɗaki.

Yaya Mansura ta ce, "Haidar fa? Yana mini daɗi."

Na ce, "Na Aliyu ne, zaki ke nan. Sunan Baba Aliyu ne?"

"To Sadik."

"Na Abubakar. Faruk na Umaru, Mani na Usmanu, kafin ki tambaya. Ba a cire hular wani a ɗora wa wani, Yaya."

Ta harare ni. "To malama, ke faɗi."

Ni dai wurin kakarmu na yi ƙuruciya, Allah Ya jiƙanta, kuma tsohuwar nan ba ta jin sunan mutum ta bar shi sai ta gaya maka abin da ya jawo shi. A bakinta na ji cewa Gambo shi ne mai bin tagwaye, Nomau an haife shi ana tsakar noma, Sallau ranar salla ya faɗo. Na leƙa fuskar jaririn, jawur da shi kamar tsada, na ce, "Ai wannan da sunansa ya zo. Namijin da ya biyo bayan mata, Tanko ke nan."

Wayyo, kamar na jefa dutse cikin kaji! Yaya Mansura ta dafe ƙirji ta ce Allah Ya kiyaye, ɗanta ba mai tallan rake ba ne. Gwaggo ta taɓe baki ta ce, "Sunayen ƙauye! Wa ke sa su yanzu in ba wanda bai waye ba?" Aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan Amir, wai shugaba. Na ce Allah Ya raya.

Kafin la'asar Yaya Nasir ya dawo, takalmansa duk jar ƙasa. Tun daga yadda ya yi sallama na san akwai magana. Ya wuce falon Baba, Gwaggo ta ja mayafi ta bi shi, ni kuwa na ɗauki tire na jera ruwa da kofuna. Kada ku ce mini komai, ku ma da ku ne da kun kai ruwan nan.

Na tarar yana cewa, "Baba, gaskiya akwai matsala. Na tambayi Salahuddeen a bakin masallaci, na tambaya wurin masu shayi, babu wanda ya san shi. Sai da na ce mai shagon maganin dabbobi a Faskari, sannan wani dattijo ya ce, au, Audi kake nufi! Aka raka ni gidan. Wata tsohuwa ta fito, na ce ke ce mahaifiyarsa? Sai ta ja lulluɓi ta rufe fuska, ta ce ɗan masu gida ne, in tambayi masu gida. Ta shige abinta. Baba, uwa ta ƙi amsa ɗanta!"

Baba ya yi murmushi ya girgiza kai. "Nasiru ke nan. Ɗan fari ne. Uwa ba ta amsa ɗan fari gaban baƙo, ba ta kuma kama sunanshi har ta koma ga Allah. Ka taɓa jin uwarku ta kira Mansura da sunanta?"

Yaya Nasir ya sosa ƙeya. Ni kuma na sauke ajiyar zuciya, na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin. Ashe ban san Gwaggo ba.

Ta gyara zama, awarwaro suka yi ƙara. "Wannan kam kunya ce, na yarda. Amma mi ka ce ana kiranshi? Audi? Alhaji, ka san wanda ake ce ma Audi. Yaron da ubanshi ya mutu ya bar shi a ciki. To wanga yaro da ya zo gaisuwa, ba ce maka ya yi babanshi na nan Tafoki yana noma ba? Wane baban? Ruwa ba ya tsami banza. Mutum ba ya binne sunanshi sai da dalili. Uba ya mutu, daga baya an ce ga ɗa. Wa ya ƙirga watannin?"

Jama'a, kun ji fa! Kun san abin da take nufi, ni ma na sani, bakina ba zai maimaita ba. Na dubi Baba ina jiran ya tsawatar, sai na ga murmushin nan ya ɗauke. Baba mutum ne da za ka mare shi ya yafe, amma kada ka ɓoye masa abu.

Ya ce, "A dakata da maganar tukuna."

Ban san yadda na kai ɗakina ba. Na zauna bakin katifa na jawo waya na rubuta masa: "Wane ne Audi?"

Layukan nan biyu suka koma shuɗi nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sai ga kira.

Muryarsa can ƙasa. "Ranki ya daɗe, wa ya gaya miki?"

"Tafoki ce ta gaya wa Yaya Nasir, shi kuma ya gaya wa Baba gaban Gwaggo. Deen, yau gaskiya nake so, ba daɗin baki ba."

Na jiyo kukan awaki a bayan shagonsa. Sannan ya ce, "Ni ne. Babana Malam Mas'udu, maciji ya sare shi a gona ana girbin dawa, ya rasu. Lokacin Inna na ɗauke da tsohon cikina, duk gari an sani. A gidanmu Inna ta yi takaba, a nan ta haife ni. Kakana, mahaifin babana, shi ya yanka rago ya sa mini Salahuddeen, shi ne kuma ya ɗaga ni sama ya ce ga Audi. Baba Salihu, ƙanin babana, shi ya rene ni, shi ya kai ni makaranta. Ban san wani uba ba sai shi. Da na ce wa Babanku mahaifina na Tafoki, wallahi ba ƙarya na nufa ba."

"To me ya sa ka jefar da sunan?"

"A makarantar kwana wani yaro ya san ma'anarsa, ya baza. Sai suka koma ce mini mai farar ƙafa, wai na cinye ubana tun ban fito ba. In aka rasa abu a ɗaki, ƙafata ce. In aka faɗi wasan ƙwallo, ƙafata ce. Da na gama na rantse sunan nan ba zai sake tsallake Tafoki ba. Khairiyya, duk wanda ya ce mini Audi, mutuwar babana yake tuna mini."

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma a ƙarƙashin kukan wani abu ne ke tasowa, kuma ba tausayi ba ne, alfahari ne. Yaron da bai taɓa ganin ubansa ba, ya tashi ya yi karatu, ya buɗe shago da guminsa, makiyaya tun daga Mairuwa har Yankara ba su yarda da allurar kowa ba sai tasa. Shi za a zauna kan kujera ana yi wa ƙirgen watanni? Na share fuska na ce, "Ni kuwa sunan ya yi mini. Ka bar ni da su."

Washegari da hantsi na sa doguwar riga baƙa da babban hijabi, don in za ka yi wa Baba magana, ka fara gyara shigarka. Na same shi a falo ya miƙe ƙafa kan matashi yana sauraren rediyo. Gwaggo na gefe tana shan kunu, kamar an dasa ta. Na durƙusa na gaishe su.

"Baba, tambaya gare ni, in an ba ni dama."

Ya rage muryar rediyon. "Ina jin ki, auta."

"In aka haifi yaro bayan rasuwar mahaifinsa, wa ke ce masa Audi? Uwar ce?"

"A'a. Uwa ina ta ga bakin magana? Dangin uba ne."

"To Baba, da suna da shakka ko ƙanƙanuwa a kan cikin nan, za su yanka rago su ɗaga yaro su ce ga wanda ɗanmu ya bari? Kakansa ne ya sa masa da bakinsa. Kuma Yaya Nasir da kansa ya ce duk garin haka suke kiransa. Ashe kowa ya buɗe baki ya ce Audi, shaida ya bayar cewa ɗan marigayin ne. Wane bincike ya fi wannan?"

Gwaggo ta dire kofi. "Oh ni Suwaiba! Yau ga ɗiya tana wa saurayi lauya gaban ubanta. Ke ko kunya?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni. Ba saurayi nake karewa ba. Wata baiwar Allah ce a Tafoki da ta yi takaba da tsohon ciki, ba ta nan balle ta kare kanta."

Na gaya wa Baba sauran labarin, na Baba Salihu da na makarantar kwana, ban rage komai ba. Ya ajiye carbinsa ya dube ni.

"Kin yi magana, auta. Asalinshi ban da ja a kai, kuma Yaya, don Allah kada in sake jin wancan zance a gidan nan. Amma ni abin da ya tsaya mini daban ne. Allah Ya ɗauki ubanshi, mutanen kirki suka ba shi sunan da za a riƙa tuna uban, shi kuma ya tuɓe ya ajiye don yara sun yi dariya. Wanda ke jin kunyar abin da ba laifinshi ba, ranar da duniya ta yi miki dariya, ina zai tsaya? Gobe suna. Ki ce mashi shi zo. Zan tambaye shi ko shi wane ne gaban mutane. Abin da ya amsa, shi zai raba mu."

Na fito na koma ɗakina. Na rubuta wa Deen duk yadda aka yi, kalma da kalma. Na zauna ina kallon waya. Can sai ga amsa: "To."

To? To me? To zan zo, ko to Allah Ya haɗa kowa da rabonsa? Na kira bai ɗauka ba. Ranar nan mai lalle ta zana mini hannu har gwiwa ban san wane zane ta yi ba. Ana soya cincin ana dakan yaji ana shewa, ni kuwa in an yi dariya sai in buɗe haƙora kawai. Na san abin da Baba ya nema ba ƙarami ba ne. Abin da mutum ya yi shekaru yana gudu, an ce ya ɗauko shi da hannunsa ya ajiye gaban dattawan garin da ba nasa ba.

Da sassafe bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na sa ankon suna, atamfa kore mai ganye, na ɗaura kallabi na yafa mayafi, na je na laɓe bayan ƙyauren zaure inda akwai 'yar tsaga. Maza sun cika, ana zagayawa da goro da dabino. Liman ya yi addu'a, aka shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan yaro, daga cikin gida aka rangaɗa guɗa. Ni duk ba wannan nake nema ba. Idona na bin layi, ɗaya bayan ɗaya.

Sai na hango shi. Farar shadda ce a jikinsa, ɗinki ba hayaniya, da hula ruwan toka. Kusa da shi wani dattijo siriri cikin babbar riga shuɗiya wadda ta sha wanki, hannuwansa irin na mai riƙon fartanya. Ko ba a faɗa ba na san Baba Salihu ne.

Da aka fara gaisawa, suka matso gaban Baba suka durƙusa. Baba ya amsa wa dattijon da fara'a, sannan ya dubi Deen kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji.

"Samari, ba mu gane ka ba. Wane ne, kuma ɗan wa?"

Ya dubi ƙasa. Wallahi jama'a, na ji kamar in fasa ƙyauren nan in amsa masa. Na damƙe bakin mayafina ina cewa ya Allah, ya Allah.

Ya ɗago kai.

"Audi ne, Baba. Audi na Tafoki, ɗan marigayi Malam Mas'udu. Ban zo duniya na same shi ba. Wannan shi ne ubana da ya rene ni."

Muryarsa ba ta yi rawa ba. Wanda ya kasa riƙe kansa Baba Salihu ne. Dattijon nan ya ja hannun babbar riga ya rufe fuska, kafaɗunsa na girgiza. Liman ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam Mas'udu," wurin gaba ɗaya ya amsa da amin. Mutumin da ya rasu tun kafin a haife ni, yau ga dattawan Kankara suna yi masa addu'a a ƙofar gidanmu.

Baba ya sa hannu a faranti ya zaɓo farin goro babba, ya kama hannun Audi ya danƙa masa. Sannan ya juya ga Baba Salihu ya ce, "Malam, in an gama hidimar nan ku dawo da mutanenku. Mun ba ku."

Ku ce mini in yi kunya? Ban yi ba! Na kwasa da gudu cikin gida, kallabi a hannu, na faɗa jikin Mama ina dariya ina hawaye. Yaya Mansura na tambaya lafiya, na ce lafiya lau, Audi ne. Ta ce wane Audi kuma? Na ce nawa. A nan tsaye na buɗe waya na goge Deen na rubuta sabon suna, ban gama ba saƙonsa ya shigo.

"Na faɗa, ranki ya daɗe. Amma akwai abin da ban gaya miki ba. Jiya da na je ɗauko Baba Salihu, Inna ta ji duk abin da aka ce a gidanku. Ta ce ƙafarta ƙafarmu. Mun yi mun yi ta ƙi. Tana mota tun ɗazu, ga ta nan shigowa."

Kafin in ɗaga kai na ji sallama a tsakar gida. Wata 'yar tsohuwa ce, gajeruwa, baƙin lulluɓi har ƙasa, ta rungumo ƙwarya an rufe da faifai, man shanu ne na barka. Tsakar gidan cike da mata, kowa da kwalliyarta. Gwaggo Suwaibatu, wadda ke zaune kan kujera a bakin ƙofa tana karɓar baƙi, ita ta amsa. Ta dube ta sama da ƙasa.

"Maraba. Baiwar Allah daga ina? Ba mu shaida ki ba."

Tsohuwar ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta miƙe, ta janye lulluɓin daga fuskarta, ta dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya har idonta ya tsaya kan Gwaggo.

"Ni ce uwar Audi," in ji ta. "An ce akwai mai son ƙirga watanni. Ga ni na zo, a ƙirga a gabana."